Wa ke da kogi a Ingila?

Kawu, ranka ya daɗe, ka ga hoton yara a kwalekwale ka ce me zai sa mu biya kuɗi kafin mu shiga kogi, alhali ruwa na Allah ne. Daga Abuja abin zai yi kama da cuta, amma a nan haka doka take.

A Ingila da Wales, mai gona a bakin kogi shi ke da ƙasan kogin har zuwa tsakiya, na ɗaya gaɓar kuma yana da sauran rabin. Kogunan da doka ta fito fili ta ba jama'a haƙƙin bi ba su kai kashi 4 cikin 100 ba. Sauran ana ta ja-in-ja a kansu: masu tuƙi na cewa tun zamanin da jama'a ke bin su, masu gona da masu kamun kifi da ƙugiya, waɗanda ke zuba kuɗi don wurin, na cewa sai da izini. Dokar shekarar 2000 da ta buɗe duwatsu da wasu filaye ga masu tafiya a ƙafa ba ta haɗa da kwalekwale ba.

Yawanci ba 'yan sanda ke kama wanda ya shiga ba izini ba. Mai gona ne zai kore ka, in ya ga dama ya kai ƙara. Amma mu Hausawan nan ko tsawar ma ba ma so, musamman a gaban yara. Shi ya sa muke sayen lasisin tuƙa kwalekwale na shekara, mu tsaya a inda lasisin ke aiki, wato magudanan da aka haƙa da hannu da kogin Thames. Inda ruwan teku ke hawa yana sauka kuwa, kowa na da haƙƙin bi.

Scotland ce ta yi abin da ya fi kama da gida. Tun dokar 2003, kogi ko tafki, in dai kwalekwalen ba shi da inji, ka shiga abinka, muddin ba ka tattake shuka ba, ba ka kutsa farfajiyar gidan mutum ba, ba ka bar shara ba. Ni dai ina ganin sun fi Ingila gaskiya. Can muke kai iyali lokacin hutun bazara, mata su cusa hijabi ƙarƙashin rigar ceto kada iska ta ja shi cikin ruwa, don ruwan tafkin Loch Lomond ko a watan Yuli sanyinsa na ɗauke numfashi.