Me ya sa sunan Carl Lewis ya danne na Mike Powell?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin wasanni ne a wata makaranta a nan Damagaram. Ɗalibaina sun ce sun ji Mike Powell ne ke riƙe da tarihin dogon tsalle na duniya, amma ko'ina sunan Carl Lewis ake ji. Yaya abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yaranka sun yi gaskiya. Mike Powell, ɗan Amurka da aka haifa a 1963, shi ne ya yi tsallen mita 8.95 ranar 30 ga Agusta 1991, a gasar duniya da aka yi a Tokyo. Har yau ba a samu wanda ya wuce shi ba.

Daren nan ya cancanci a ba yara labarinsa dalla-dalla. Lewis ya iso Tokyo ya yi shekara goma ba a kada shi a dogon tsalle ba, gasa 65 a jere. Tarihin da kowa ke hari kuwa na Bob Beamon ne, mita 8.90, tun wasannin Olamfik na 1968 a birnin Meziko. A zagaye na huɗu Lewis ya dira a 8.91. Sai dai iskar da ke bayansa ta kai mita 2.9 a daƙiƙa, doka kuwa ta ce in ta haura mita 2 tsallen yana iya cin gasa amma ba ya shiga kundin tarihi. Zagaye na biyar Powell ya taho da gudu, ya taka katakon da ake tashi a kai daidai, iska kusan a kwance, ya tsallake Beamon da santimita 5. Lewis ya sake gwadawa sau biyu, ya yi 8.87 da 8.84, bai kamo shi ba. A ganina ba a taɓa yin karon dogon tsalle irin wannan ba.

To ina suna ya tsaya? A Olamfik. Mu nan mun san kokowa: ɗan kokowa na iya kada manya duk shekara, amma wanda ya ɗaga takobi shi makaɗa ke wa kirari. Lewis ya ci zinaren dogon tsalle sau huɗu a jere, 1984, 1988, 1992 da 1996, ga kuma zinarensa na gudun mita 100 wanda duniya ta fi kallo. Powell azurfa ya samu a Seoul a 1988, ya sake samun azurfa a Barselona a 1992, inda santimita 3 kacal ta raba shi da Lewis. Abin yana yi mini zafi, domin a waɗancan shekaru biyu-uku babu wanda ya fi shi iya tsalle. Ya sake zama zakaran duniya a 1993 a Jamus, amma a Atlanta a 1996 rauni ya hana shi, ya ƙare na biyar.

Malam, ka ɗauki igiyar awo ka fita da yara tsakar makaranta, ka ja layi biyu, tsakaninsu mita 8.95, su tsaya su gani da idonsu. Daga nan ka fara musu da gudun shiri da saita ƙafa kan katako, don a nan yawancin masu koyo ke asarar nisa, ko su taka layi tsallen ya lalace.