Kantuna biyu ne, suna ɗaya

Malam, ka tambaya ko kantin littattafan Shakespeare and Company na Paris shi ne wanda aka buɗe a 1919. A'a. Wancan Sylvia Beach ce ta buɗe shi, ita ta buga littafin Ulysses na James Joyce a 1922. An rufe shi a 1941, lokacin mamayar Jamusawa, bai sake tashi ba.

Na yanzu, daura da cocin Notre-Dame, George Whitman ya buɗe a 1951 da sunan Le Mistral, sai 1964 ya ɗauki sunan tsohon kantin. Ni dai gadajen da ke tsakanin littattafan suka fi burge ni: baƙon marubuci ya kwana kyauta, amma ya karanta littafi kullum, ya taya aiki, ya rubuta tarihinsa a shafi guda. 'Yar Whitman ke riƙe da kantin yanzu.