Kwamfuta ta daina ganin faifai: direba ne ya ɓace ko na'urar ce ta mutu?

Tambayoyin wannan mako kusan duk a kan faifan CD da DVD suka taru. Sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba sa zuwa da wurin saka faifai, amma har yanzu gidajenmu cike suke da faifan biki, na tafsiri da na asibiti.

Tambaya daga wani mai shagon buga takardu a Tahoua: Malam, kwamfutar shagona Windows 10 ce. Tun da na cire wata manhajar buga faifai, na'urar DVD ta ɓace daga Ce PC. Ƙofarta tana buɗewa, fitilarta tana kamawa, amma a Gestionnaire de périphériques akwai alamar rawaya da Code 19. Na sauko da wata manhaja mai sabunta direbobi, ta ce sai na biya kafin ta gyara. In biya?

Amsa: Ɗan uwa, riƙe kuɗinka, ita ma wannan manhajar ka cire ta yau. Direban da take son sayar maka, wato ƙaramar manhajar da Windows ke magana da na'urar ta hannunta, yana cikin kwamfutarka tun ranar da aka ɗora Windows. Sunansa cdrom.sys, kuma shi kaɗai ke hidimar kusan kowace na'urar faifai, ko wane kamfani ya ƙera ta. Dalili shi ne masu ƙera na'urorin sun daɗe da amincewa da jerin umarni guda, wanda ake kira MMC: buɗe ƙofa, juya faifai, karanta wuri kaza, rubuta a wuri kaza. Ko ta wayar SATA aka haɗa na'urar ko ta USB, umarnin ke nan. Waɗanda suka yi zamanin DOS, tsarin da ya gabaci Windows, za su tuna wahalar da aka sha, lokacin da kowace na'ura ke zuwa da nata direban, a rubuta shi da hannu cikin CONFIG.SYS, a kuma ƙara MSCDEX kafin harafin D ya fito. Wancan zamani ya wuce.

Matsalarka a wani wurin take. Manhajojin buga faifai sukan saka wani ƙaramin direba nasu tsakanin Windows da na'urar, su rubuta sunansa a rajistar Windows, wato kundin da take ajiye saitunanta. In an cire manhajar, wani lokaci direban ya tafi amma sunan ya zauna. Kamar dillali ne da ya bar kasuwa, amma dokar shago ta ce ba a ciniki sai ta hannunsa: ga mai saye, ga mai kaya, an tsaya jiran wanda ba zai zo ba. Daga nan ne Code 19 ke fitowa, wani lokaci kuma 31, 32, 39 ko 41.

Fara da mai sauƙi. A Gestionnaire, danna dama a kan na'urar ƙarƙashin Lecteurs de DVD/CD-ROM, ka cire ta, ka sake kunna kwamfuta, Windows za ta mayar da ita da kanta. In alamar rawaya ta dawo, buɗe regedit, manhajar gyara rajistar, ka bi HKEY_LOCAL_MACHINE, SYSTEM, CurrentControlSet, Control, Class, har ka isa maɓallin da ya fara da 4D36E965-E325-11CE. A ɓangaren dama za ka ga UpperFilters, ko LowerFilters, ko duka biyun. Adana kwafin maɓallin tukuna da Exporter, sannan ka goge su, ka sake kunnawa.

A nan ka nutsu sosai. Maɓallan da ke wannan layi duk kama suke da juna, lamba ɗaya ko biyu ce ta raba su. Maƙwabtansa na babban faifan kwamfuta ne da na allon rubutu, kuma su ma suna da UpperFilters. Wanda ya goge na can, kwamfutarsa tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Duba da kyau cewa rukunin farko na lambarsa ya ƙare da 965, kuma a dama an rubuta CDROM a layin Class. Bayan gyara, in kana da wata manhajar buga faifai da kake aiki da ita, mai yiwuwa sai ka sake ɗora ta.

Ga masu karatu da na'urarsu ba ta fitowa ko a Gestionnaire: ku shiga BIOS, allon saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ku duba. In can ma babu ita, Windows ba ta da laifi, wayar SATA ko ta wuta ce ta saki, ko na'urar ta gama aiki.

Tambaya daga wata uwa a unguwar Yantala, Yamai: Faifan bikin ƴata yana aiki a DVD na falo, amma a kwamfuta sai wata jaka mai suna VIDEO_TS nake gani, hoto ba ya fitowa. Akwai kuma faifan da ɗana ya aiko daga Faransa, shi kwamfutar cewa take sai an canza yanki.

Amsa: Hajiya, tun da kina ganin VIDEO_TS, na'urarki lafiya lau take, direba ma ya yi aikinsa. Abin kunna fim ɗin ne babu. Daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, Microsoft ya daina saka manhajar kunna fim ɗin DVD, saboda kuɗin lasisin da ake biya a kan kowace kwamfuta. Ki sa a ɗora miki VLC daga shafin VideoLAN, kyauta ce, ɗaliban wata makarantar injiniyoyi kusa da Paris ne suka faro ta. A cikinta ki zaɓi Média, sannan Ouvrir un disque.

Batun yanki kuwa, ki yi hattara. An raba duniya shiyya-shiyya a kan faifan fina-finan kamfani: Amurka 1, Turai 2, Nijar da mafi yawan Afirka 5. Na'urar tana yarda a canza mata shiyya sau biyar kacal, na ƙarshen shi ke zama dindindin. Lissafin a cikin na'urar yake, don haka ko an sake ɗora Windows ba ya komawa farko. Gwada VLC kafin ki taɓa wannan wuri. Faifan biki da mai hoto ya buga ba ya ɗauke da wannan kulle.

Shawarar da ba ki nema ba: ki kwafe jakar VIDEO_TS ɗin nan dukkanta zuwa filash da kwamfuta tun yanzu. Faifan da aka buga a shago, rubutunsa a kan wani siririn rini yake, kuma zafin Yamai na watan Afrilu, da ke haura digiri 40, yana cin sa sannu a hankali. In za ki goge shi, da ƙyalle mai laushi, daga ramin tsakiya zuwa baki, ban da zagayawa.

Tambaya daga wani ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni: Tawa tana karanta CD amma ba ta karanta DVD. Wane direba zan sauko?

Amsa: Babu ko ɗaya, ƙanena. Direba ɗaya ne ke kula da su biyun. A cikin na'urar ne haske ya kasu biyu: na CD mai tsawon nanomita 780, na DVD ja ne mai 650. Ɗaya yana iya mutuwa ya bar ɗaya. Kafin ka yanke mata hukunci, in ta kwamfutar tafi-da-gidanka ce, buɗe ƙofar ka dubi ɗan gilashin da ke kusa da inda faifai ke zama. Bayan hazon hunturu za ka same shi ya yi furu-furu da ƙura. Kashe kwamfutar, ka shafe shi a hankali da audugar kunne busasshiya, kada ka danna. In bai yi ba, nemi na'urar waje ta USB, ita ma ba ta bukatar ka sauko da direba. In ta hannu za ka saya a Katako, tafi da CD ɗaya da DVD ɗaya, a gwada duka a gabanka kafin ka miƙa kuɗi. In tana juyawa tana tsayawa da ɗan ƙara, sau da yawa wuta ce ba ta ishe ta ba: ramin USB 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa, na 3.0 mai shuɗin ciki 900. Saka ta a shuɗin, ko ka haɗa kawunan wayar biyu in mai kai biyu ce.

Tambaya daga wani bawan Allah a Talladje: An ba mahaifina sakamakon sikana a faifai. Zan iya haɗa na'urar USB da wayata ta OTG, mahaɗin da ake saka wa waya filash da shi, in tura wa likita?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Yawancin wayoyin Android ba sa buɗe faifai ta wannan hanya, domin an shirya su ne su karanta filash, faifai kuma tsarin ajiyarsa dabam ne, ISO 9660 ko UDF, ga shi wayar ba ta da wutar da za ta juya shi. Kai shi inda akwai kwamfuta, a kwafe duk abin da ke ciki yadda yake, har da fayil mai suna DICOMDIR, kada a tsinci wasu a bar wasu ko a canza musu suna. A matse jakar ta zama ZIP guda, ita za ka tura wa likitan, faifan kuma ka mayar da shi cikin ambulan ɗinsa don ranar komawa asibiti.