Filin Tambaya da Amsa: Tsakanin "fara" da "soma"

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar Hausa ce a makarantar firamare. Wani ɗalibina ya tambaye ni ko akwai bambanci tsakanin "fara" da "soma", na ce masa duk ɗaya ne, amma har yanzu hankalina bai kwanta da amsar ba. Ina neman ƙarin haske.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Amsar da kika ba yaron ba kuskure ba ce, domin a yawancin jimloli kowace tana iya zama a gurbin 'yar'uwarta ba tare da ma'ana ta sauya ba. Uwar da ta ce "yarona ya fara rarrafe" da wadda ta ce "ya soma rarrafe" albishir guda suke yi. Dukkansu kuma sunan aiki suke so a bayansu, shi ya sa muke cewa "ya fara tafiya", ba "ya fara tafi" ba.

Bambancin yana fitowa ne idan aka bi zuriyarsu. Dangin "fara" sun fi yawa, domin a cikinsu akwai farko da mafari da ɗan fari, har ma da "faru", wadda muke furtawa kullum ba tare da mun lura da asalinta ba. Mai cewa "me ya faru?" yana tambayar abin da ya auku ne, alhali ba za ki ji Bahaushe ya ce "me ya somu?" da wannan nufi ba. Haka nan idan ana maganar riga wani, kamar yara biyu da aka raba faɗa kowa na rantsuwa cewa ɗayan ne ya fara dukansa, a kunnena "fara" ta fi zama daram. Ita kuwa "soma" ta ba mu masomi, da kuma "somin taɓi", wato ɗan abin da aka gani alhali babban yana tafe, kuma a nan "fara" ba ta da wurin shiga.

Sai dai ki ja hankalin ɗalibanki kada su ɗora wa "fara" aikin da ba nata ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, amma Jami'ar Ahmadu Bello kafa ta aka yi a 1962. Labari ƙaga shi ake yi, na'ura a ƙirƙiro ta, ita kuwa "halitta" Hausawa sun fi keɓe ta ga Mahalicci.