Tambayoyin Masu Karatu: Shin Kuɗin Ƙwaya ne Ke Ciyar da Ta'addanci?

Tambaya: Malam, ina yi maka fatan alheri. Nakan ji shugabannin ƙasashe suna cewa kuɗin miyagun ƙwayoyi ne ke ɗaukar nauyin 'yan ta'adda, saboda haka dole a tsananta doka, a kuma sa sojoji a cikin lamarin. Wani abokina ya ce duk wannan farfagandar siyasa ce. Ina gaskiyar take, kuma idan haramcin yana aiki, me ya hana kasuwar mutuwa?

Amsa: Na gode, ɗan'uwa. Abokinka yana da hujja, amma ya wuce gona da iri, domin alaƙar da ake magana a kanta ba ƙage ba ce. 'Yan tawayen FARC na Kolombiya sun shafe shekaru suna karɓar haraji a kan ganyen koka, wanda ake yin hodar iblis da shi, 'yan Taliban ma sun ci moriyar noman ofiyom, wanda ake yin ƙwayar heroin da shi, a Afganistan lokacin da suke yaƙin sunƙuru, kuma a 1989 mutanen Pablo Escobar, babban mai safarar hodar iblis, sun tarwatsa jirgin fasinja a sararin Kolombiya, fiye da mutum 100 suka mutu.

Abin da shugabanni ba su cika faɗa ba shi ne inda ribar take fitowa. Manomin koka ɗan abin da yake samu bai taka kara ya karya ba. Farashin yana ninkuwa ne a kowace iyaka da kayan suka ƙetare, saboda mai safara yana sa kuɗin kasadar da ya ɗauka, da cin hancin da ya bayar, da kayan da aka ƙwace masa a baya. Tun da kuma mai kasuwar bayan fage ba shi da damar kai ƙara kotu idan an cuce shi, bindiga ce ke raba masa gardama, wanda ya fi makamai kuwa shi ke cin kasuwa. Amurka ta ga wannan da idonta tsakanin 1920 da 1933, lokacin da ta haramta barasa, mashaya ba su daina ba, sai masu fasa-ƙwaurin barasa irin su Al Capone na Shikago suka yi ƙiba. Tun 1971 da Shugaba Nixon na Amurka ya kira shaye-shaye babban maƙiyin al'umma ake wannan yaƙi, kuma duk inda aka matsa sai cinikin ya ɓulla ta wani wuri, kamar ruwan da aka datse. Da aka toshe hanyar tekun Karibiyan sai safara ta koma ta Meziko, inda Shugaba Calderón ya tura sojoji a 2006, kashe-kashe suka ƙaru, manyan ƙungiyoyi suka dare gida-gida suna yaƙar juna.

Adalci ne a faɗi cewa haramci yakan yi tasiri a wuri guda. Bayan Taliban ta hana noman ofiyom a 2022, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce noman ya ragu da kusan kashi 95 cikin 100 a 2023. Sai dai manoma sun shiga ƙunci, kuma a shekarar ce Myanmar ta zama kan gaba a duniya wajen wannan noma.

Batun siyasa shi ya fi damuna. Da zarar an liƙa wa abu sunan ta'addanci, mai tambaya sai ya zama abin zargi, majalisa kuma ta sa hannu a kan dokar da a da ba za ta yarda da ita ba. A farkon 2002, watanni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba, gwamnatin Amurka ta biya kuɗin tallace-tallace a talabijin tana gaya wa matasa cewa mai sayen ƙwaya yana iya taimakon 'yan ta'adda. Dokar Patriot ta 2001 ta ba jami'ai damar binciken gidan mutum ba tare da sanar da shi nan take ba, da sunan farautar 'yan ta'adda, amma rahotannin kotunan ƙasar sun nuna cewa akasarin lokutan da aka yi amfani da damar, a kan shari'o'in ƙwaya ne. A Fabrairun 2025 kuma Amurka ta sa ƙungiyoyin safara irin ta Sinaloa da ke Meziko a jerin 'yan ta'adda, matakin da ke sauƙaƙa maganar aiki da ƙarfin soja a inda ya kamata 'yan sanda da alƙalai su yi aiki. Abin lura shi ne, a 2017, sojojin ƙasashen waje na jibge a Afganistan, aka samu ofiyom mafi yawa a tarihin ƙasar, kimanin tan 9,000.

Kada ka ɗauka ina sassauta wa ƙwaya. Tana lalata hankali, tana rusa gidaje, kuma iyayen da suka rasa ɗa ta wannan hanya suna da haƙƙin neman hukuma ta tashi tsaye. Ina ganin dai a raba mai shaye-shaye, wanda magani yake buƙata, da dillalin da ke azurta kansa da shi. Fotugal ta yi haka a 2001: ta daina ɗaure wanda aka kama da ɗan abin da zai sha, ta tura shi gaban kwamitin da ke duba lafiyarsa da halin rayuwarsa, fatauci kuwa ya ci gaba da zama babban laifi, kuma kamuwa da ƙanjamau tsakanin masu allurar ƙwaya ta ragu ƙwarai. Wanda kuma yake son karya 'yan bindiga da gaske, sai ya bi sawun kuɗin zuwa inda ake wanke su. A 2012 bankin HSBC ya amince ya biya tarar kusan dala biliyan 1.9 bayan hukumomin Amurka sun gano kuɗin masu safarar ƙwaya na Meziko da Kolombiya sun bi ta cikinsa, amma a wannan sulhu ba a gurfanar da ko ɗaya daga cikin manyan jami'ansa ba.