'Ya'yan karfasana sun ƙi girma

Tambaya: Salam Malam, dan Allah ina kiwon 'ya'yan karfasa a tanki, dusar masara da ƙuli-ƙuli nake haɗa musu, suna ci sosai amma wata biyu kenan kamar ba sa motsawa. Meye matsalar? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya cikinsu na cika, jiki ne baya samu. Shi furotin, wato abin da ke gina jiki a cikin abinci, ƙananan sinadarai ne suka haɗu suka yi shi, amino asid ake ce musu, guda 10 daga ciki kifi baya iya ƙera su da kansa sai dai ya ci, laisin da metiyonin na cikin goman nan, to masara ba ta da laisin sosai, ƙuli-ƙuli kuma ga ƙarancin laisin ga na metiyonin, kaga an haɗa gurgu da gurgu kenan. Ƙananan kifayen nan suna son furotin wajen kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na abincinsu. Ka sa garin busasshen kifi, ka ƙara waken suya amma soyayye fa, ɗanye yana hana narkewar furotin. Niƙa shi laushi don bakinsu ƙarami ne, ka riƙa watsa kaɗan-kaɗan kamar sau 4 a rana.