Tambaya da Amsa: Yadda PRI ta yi shekara 71 tana mulkin Meziko

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Don Allah ina neman tarihin jam'iyyar nan ta ƙasar Meziko da aka ce ta fi shekara 70 tana mulki ba a kayar da ita ba. Yaya aka kafa ta, kuma mene ne sirrin daɗewarta? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, jam'iyyar da kake nufi ita ce PRI (Partido Revolucionario Institucional), kuma asalinta yana komawa ga juyin juya halin da ya ɓarke a 1910, wanda ya kawar da shugaban ƙasa mai mulkin kama-karya Porfirio Díaz amma ya bar ƙasar a hannun janar-janar masu kashe juna a kan kujera. A watan Yulin 1928 aka harbe Álvaro Obregón, zaɓaɓɓen shugaban ƙasa, tun kafin a rantsar da shi. Ganin haka ne Plutarco Elías Calles, shugaban ƙasar da ya sauka a ƙarshen 1928, ya tara manyan sojoji da jagororin jihohi a birnin Querétaro a watan Maris na 1929, suka kafa jam'iyya mai suna PNR, domin a riƙa raba muƙamai a teburin sulhu maimakon fagen daga.

Shugaba Lázaro Cárdenas ne ya ba ta jiki. Ya raba wa manoma filaye, ya ƙwace harkar man fetur daga kamfanonin waje a 1938, kuma a shekarar ya sauya mata suna zuwa PRM, ya shigar da ƙungiyoyin ƙwadago da na manoma cikinta, ta yadda mai neman gona ko ƙarin albashi sai ya bi ta ƙofar jam'iyya. Sunan PRI ya zo ne a 1946.

A ganina, babban sirrinta shi ne hana tazarce. Shugaba yana yin shekara 6 cur ya sauka, ba ya dawowa har abada, amma a zamanin mulkin PRI, kafin ya tafi shi ke nuna magajinsa, al'adar da 'yan ƙasar ke kira "dedazo", wato nuni da yatsa. Saboda haka duk mai kwaɗayin mulki yakan gwammace ya yi haƙuri ya jira rabonsa a cikin gida. Inda lallashi ya gaza kuwa, akan koma ga maguɗi ko bindiga, kamar yadda sojoji suka buɗe wa ɗalibai wuta a dandalin Tlatelolco ranar 2 ga Oktoban 1968.

Bangon ya fara tsagewa sosai a zaɓen 1988, lokacin da aka ce na'urorin tattara sakamako sun tsaya, daga bisani aka ba ɗan takarar PRI Carlos Salinas nasara a kan ɗan adawa Cuauhtémoc Cárdenas, wanda, abin mamaki, ɗan Lázaro ne na cikinsa. PRI ta rasa rinjaye a majalisar wakilai a 1997, sannan Vicente Fox na jam'iyyar adawa ta PAN ya kayar da ita a 2000. Ta sake dawowa da Enrique Peña Nieto a 2012, amma a 2018 ɗan takararta ya zo na uku.